Tukunyar salansar Prado 120 ta huje: ta kasuwa, ta asali, ko ta maƙeri?

Mai_Prado_Garwa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'ar mota. Shawara nake nema kafin in saki kuɗi. Motar Toyota Prado 120 ce mai ƙofa biyar, ƙirar 2006, injin fetur V6 mai lita 4, giya otomatik. Babbar tukunyar salansa ta huje ta ƙasa, ramin ya kai a zura yatsa biyu, kuma in an bubbuga ta da hannu ana jin wani abu yana kwaramniya a ciki. An taɓa liƙe ta da walda, gefen liƙin ya sake ɓarewa. Yawancin aikinta Garwa zuwa Marwa ne da iyali, jefi-jefi Ngaundere, da damina kuma hanyar gona.

Zaɓi uku aka kawo mini. Akwai tukunyar kasuwa mai sheƙi, wadda in ka leƙa ta wannan baki kana hango haske ta wancan, bakinta inci 3. Mai ita ya ce za ta ƙara wa mota ƙarfi, ta kuma rage shan mai. Akwai ta asali ta hannu, okaziyon, da za a aiko daga Duwala. Sai kuma mai walda da ya ce zai ƙera sabuwa da fallen ƙarfe. An kuma ba ni shawarar tunda kwancewa za a yi, gara a cire katalizo, wato abin da ke tace hayaƙi kafin tukunya, gaba ɗaya a miƙe bututu.

Ina son 'yar murya mai kauri, amma ba wadda za ta hana yara barci a hanya ba. Wanne ya dace da injin nan da hanyoyinmu? Me kuma zan sa wa ido ranar ɗaurawa? Allah ya saka da alheri.

Bakanike_Marwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada a yanke komai tukuna sai an san abin da ke kwaramniyar nan. Abu biyu ke kawo ta. Ko dai ɗaya daga farantan da suka raba cikin tukunya ɗaki-ɗaki ya ci tsatsa ya saki, ko kuma cikin katalizo ya farfashe, hayaƙi ya kwaso gutsattsarin ya jibge a tukunya. In an sauke ta, a shimfiɗa buhu, a kifa bakin a girgiza. Ɓawon tsatsa ja-ja ko baƙi, wannan tsufa ne kawai. Amma in ka ga guntaye farare-farare ko ruwan toka, masu ƙananan ƙofofi a jere kamar saƙar zuma, suna murmushewa tsakanin yatsu kamar fasasshen tangaran, to ciwon yana gaba. Sabuwar ma haka za ta cika, kuma dole a nemo abin da ya kashe katalizon: fulogi ko kwayil mai tsallake wuta, nozil mai ɗiga, ko zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, da aka gauraya da kananzir. Man da bai ƙone a silinda ba, cikin katalizo yake zuwa ya ƙone, shi ke narkar da shi.

Gwajin toshewa ba wuya. A kwance sansar gaba, wadda ke auna hayaƙi kafin katalizo, da soket 22, a ɗaura gejin matsi a raminta, zaren M18×1.5 ne. Inji yana silo, allura kada ta wuce bar 0.1; a juyin inji 2500 a minti kada ta wuce 0.2. Injin nan layi biyu ne, dama da hagu, a gwada kowanne daban. In allura ta haura tana ta hawa, akwai toshewa. A sake gwadawa bayan an sauke tukunya. In matsin ya faɗi, ita ce; in yana nan, katalizo ne.

Sai maganar inci 3. A fara auna bututun da ke jikin motar. In babu kalifa, a naɗa zare sau ɗaya a jikinsa, a auna zaren, a raba da 3.14. Zare mai milimita 188, bututu 60 ke nan. 200 kuwa 63.5, wato inci biyu da rabi. 239 shi ne 76, inci uku. Injin motarka, 1GR-FE, cc 3956 ne, ba shi da turbo, ƙarfinsa a wannan ƙirar bai wuce doki 250 ba. Inci biyu da rabi ya ishe shi har ƙarshen totur. Daga biyu da rabi zuwa uku, a ido rabin inci ne, amma faɗin ƙofar ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Hayaƙi ya rage gudu, ya yi saurin hucewa, ƙara ta yi zurfi ta cika mota, kuma babu ribar da za ka ji a juyin da kake tuƙi kullum.

Zancen ƙarin ƙarfi da rage shan mai, ga yadda yake. In tsohuwar tukunya a toshe take, kowace lafiyayya aka sa za ta dawo da ƙarfin da ya ɓace, sai mutum ya ɗauka sabuwar ce ta ƙara. A mota mai lafiya, canza tukunya kaɗai doki ƙalilan yake bayarwa, su ma can saman juyi, inda mai iyali ba ya kaiwa sai wurin wuce tirela. Shan mai kuwa kwamfutar mota ce ke yanke shi bisa abin da sansa ta gaya mata. Abin da aka fi gani ma shi ne ya ƙaru, domin ƙafa ba ta barin totur in murya ta yi daɗi.

Tukwanen kasuwa iri uku ne a ciki, ko da jikinsu ya yi kama. Wadda aka nuna maka ita ce mai miƙaƙƙen bututu mai huji-huji, an zagaye shi da audugar gilashi. Hayaƙi ya fi wuce ta cikin sauƙi, ita ce kuma ta fi ƙara, kuma kullum ƙarar ƙaruwa take yayin da audugar ke ƙonewa tana fita. Akwai mai ɗakuna, babu auduga, farantai ne ke mayar da sauti ya bugi juna. Muryarta kauri gare ta, tana daɗewa. Ta uku bututu biyu ko uku ne a ciki, hayaƙi ya je ya dawo ya sake tafiya kamar harafin S. Ita ta fi kusa da ta asali wurin shiru.

Abin da ke hana yara barci shi ne gurnanin da ke zama a kunne in mota ta daidaita a hanya. Lissafinsa a fili yake. Silinda shida na buga wuta sau uku a kowane juyi. A juyi 2000 a minti, bugu 100 ke nan a daƙiƙa. A 2400, bugu 120. Wannan murya ce ta ƙasa, irin ta babbar ganga, audugar gilashi kuwa siririn sauti take shanyewa, ba ta iya kama wannan. Ga Prado kuma ɗaki guda ce tun daga sitiyari har ƙofar baya, babu but da ya raba, sai jikin ya amsa kamar ƙwarya. Kusan a wannan juyin mota ke zama a giyar ƙarshe in ta miƙi hanyar Marwa, kuma ya fi tsanani in inji yana ja da nauyi, kamar hawan dutsen nan kafin a shiga Ngaundere. Masu zaman baya su suka fi shan sa.

Don haka ni shawarata: mai zagayen S ko mai ɗakuna, babba, jikinta kada ya gaza santimita 45 zuwa 50, bakinta daidai da bututunka ko ya ɗara da kaɗan. Girman jiki ne ke kashe ƙara. In motarka tana da ƙaramar tukunya bayan babbar ko gabanta, a bar ta inda take, aikinta ke nan kashe gurnani.

Mai_Walda_Kusuri

Malam ya gama da zaɓe, bari in kama ɗaurawa, domin tukunya mai kyau ta fi mutuwa a hannun mai ɗaurawa.

Tun daren jiya a jiƙa notuna da man kwance tsatsa. Mota ta huce, a hau rami ko a sa ta kan ƙafafun ƙarfe, kada a shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai. A cire kan batir na ƙasa. Wayar ƙasa ta injin walda a maƙala ta a jikin bututun kansa, kusa da inda ake aiki, kada a jefa ta a shasi can nesa wuta ta nemi hanya ta wayoyin sansa. Wasu Prado 120 tanki biyu gare su, a duba tukuna, a kare tanki da robobin mai da fallen ƙarfe ko jiƙaƙƙen buhu. Mafi kyau a ɗiga walda wuri uku ko huɗu a jikin mota don a riƙe tsari, sannan a sauke a zagaye haɗin a ƙasa. Saman bututu ba ya waldu da kyau a jikin mota, kuma nan ne yoyo ke ɓuya.

In haɗin gaba irin mai noti da sifirin da zoben fakin ne, kada a walde shi, kada kuma a jefar da sifirin a cika wurin da wosha. Inji yana karkarwa a kan robobinsa, shasi yana murɗewa a gargada; wannan haɗin shi ne gwiwar salansa. In aka sandare shi, murɗar takan koma kan manifol ko wuyan katalizo ta tsaga shi, gyaran da ya ninka kuɗin tukunya. A sa sabon zobe, tsohon ya riga ya kwanta. Notunan wajen Nm 43 ake ja musu.

Wurin yanka, a bar aƙalla santimita 6 zuwa 8 na miƙaƙƙen bututu lafiyayye, a yanka a daidai, a goge baki. Bututu ya shiga wuyan tukunya santimita 4 ko 5. A duba kibiya ko rubutun shiga da fita a jikinta; mai ɗakuna in aka juya ta baya-gaba, ƙara da matsi duk ƙaruwa suke.

Kaurin bututun salansa milimita ɗaya da rabi ne ko ƙasa da haka. Tsinken walda 2.5 da ake ƙofar gida da shi huda shi yake, sai a yi ta cike rami, ciki ya tara tsiro ya tare hanya. A nemi 2.0 ko 1.6, a rage wuta, a riƙa ɗigawa ana ɗagawa. Inoks, wato ƙarfe mai jure tsatsa, in da inoks za a haɗa shi, tsinke 308L. Inoks da baƙin ƙarfe 309L. In aka yi inoks da tsinke na gama-gari, tukunya tana sheƙi haɗin yana tsatsa, nan zai ɓalle. Mai waldar iskar gas mai sanyin hannu ya fi mai lantarki mai gaggawa a baƙin ƙarfe.

Lanƙwasa kuma kada a gasa bututu a murɗe shi da hannu, cikin gwiwar matsewa yake, ka sayi inci biyu da rabi ka tashi da biyu. A yanko gwiwa daga tsohuwar salansa mai faɗi ɗaya, ko a cika bututu da busasshen yashi a toshe baki kafin a gasa. Busasshe na ce, jiƙaƙƙe tururi yake yi ya harba toshiyar.

A rataya komai sako-sako tukuna, a daidaita, sannan a ɗaure daga gaba zuwa baya. Tsakanin salansa da shasi ko jikin mota a bar milimita 25 ko fi. Tsakaninta da tanki, robar birki, waya da shokazoba a bar 50. Inda bututu ya tsallake difa, a gwada sau biyu: a ɗaga mota tayoyin baya su rataya, sannan a sauke a loda mata kaya. Ƙarfe miƙewa yake da zafi. Bututu mai mita 3 in zafinsa ya ƙaru da digiri 400, baƙin ƙarfe na ƙara wajen milimita 14, inoks 304 wajen 20. Shi ya sa robobin rataya a sanyi ake barin su sun ɗan karkata gaba, in ta ɗau zafi su miƙe. A sa sababbin robobi, zafin Maris da Afrilu na nan yana busar da su. Kada a ɗaure da waya ko a walda ƙugiya kai tsaye a shasi ba roba, duk karkarwar cikin kujera za ta dawo.

Tunda akwai hanyar gona, cikin tukunya kada ya sauko ƙasa da layin shasi. Mai faɗi-faɗi ta fi kewayayya ɓuya. A mayar da farantan kare zafi duka. Da rani kuma in an ratsa ciyawa a riƙa leƙawa, busasshiyar ciyawa takan naɗe tsakanin faranti da tukunya ko katalizo, shi kuwa zafinsa yana wuce digiri 400.

In an gama, a tada inji a sanyi, mutum ɗaya ya danne bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙu, wani ya bi haɗe-haɗe da ruwan sabulu. Bayan sati a sake duba notuna, a nemi baƙin layin toka a gefen kowane haɗi.

Mai_Prado_Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. An sauke an girgiza, tsatsa ce zalla, babu farin gutsure ko ɗaya, fitilar cek ma ba ta kama ba. Zare ya ba da 188. Na bar maganar inci 3. Saura biyu: tukunyar da na samu mai zagayen S bakinta 63.5 ne, yaya za a haɗa ta da 60? Kuma katalizon, tunda lafiyarsa lau, akwai wata riba a cire shi? Masu shawarar sun nace.

Mai_Kayan_Gyara_Ngaundere

Alhaji, kafin ka rufe ƙofa a kan ta asali, ka ji ta bakin masu kaya. Ga mai ɗaukar iyali doguwar hanya, ni ta asali mai lafiya nake fifitawa. An auna ta da wannan injin da wannan jikin, ƙugiyoyinta suna faɗawa inda robobi suke, ba yanka ba walda. Matsalarta ɗaya, sai ka iya zaɓe. Yawancin okaziyon da ke sauka Duwala, irin na Camp Yabassi, daga Turai suke, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Irin wannan takan yi kyau a sama, gindin ƙugiya da bakin naɗi sun rube. Wadda ta fito Dubai ba ta da wannan ciwon.

Kada a aiko maka da hoto kaɗai. Wanda zai duba ya buga jikin da sifana: lafiyayya tana amsawa tas, rubabbiya muryarta a dushe. Ya danna sukudireba a naɗin gefe da ƙasan ciki. Ya girgiza. In an shafe ta da fentin silba, a kankare a ga abin da ke ƙasa. A kuma faɗa masa injin da adadin ƙofa, domin mai ƙofa uku gajera ce, ta gazuwal, wato dizal, ma daban take da ta fetur.

In ta kasuwar ce dai, a tafi da mayen ƙarfe. Inoks 304 ba ya kama shi, ko ya kama kaɗan a inda aka lanƙwasa. Shi ya fi jure tsatsa, ya fi tsada. Inoks 409 yana kamawa, yakan yi ja-ja a fuska amma ba ya saurin hujewa, kamfanonin mota da yawa da shi suke yi. Akwai baƙin ƙarfe mai rufin alminiyom, fari marar sheƙi, mai matsakaicin kwana. Wadda za a guda ita ce mai sheƙi kamar madubi, mayen ƙarfe ya kama ta gam, ga ta sakayau a hannu. Siririn falle ne aka wanke da kurom. A leƙa ciki da tocila kuma, wata bakinta 63 ne, cikinta bututu 45.

Ta maƙeri tana yiwuwa in zai farke tsohuwar ya kwaikwayi cikinta, girman ɗakuna da yawan huji, da falle mai kaurin 1.5. In da ka zai yi, yawanci hujin yakan yi kaɗan, mota ta shaƙe a hawa. Kada ya yi da farin kwano mai tutiya, hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: salansa daga ciki take rubewa. Kowace litar fetur da ta ƙone tana fitar da kusan litar ruwa a tururi. A gajeriyar tafiya cikin gari tukunya ba ta yin zafin da zai kore shi, sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda taka ta huje. Hujin milimita 3 a mafi ƙasan wuri yana zubar da shi. Haka in an ratsa rafi da damina, a ba ta tafiyar minti ashirin ko talatin ta bushe kafin a ajiye, a kuma wanke taɓon da ya manne a samanta.

Bakanike_Marwa

Alhaji, kada ka bari a taɓa katalizon nan. Abin da makanikan Najeriya ke ce wa indomi ke nan, kuma dalilin nacin a bayyane yake: cikinsa akwai filatinom, faladiyom da rodiyom, akwai masu sayensa da tsada. In ka bar mota a gareji ma, ka san yana nan kafin ka tafi, ka duba bayan ka dawo ko akwai sabuwar walda a cikinsa.

In aka cire, sansar baya za ta ga hayaƙi bai canza ba, fitila ta kama da lamba P0420 ko P0430. Daga nan fitilar kullum a kunne, ranar da wani ciwo na gaske ya zo ba za ka sani ba. Kwankon da aka ƙwaƙule kuma yana ba da ƙarar gwangwani da babu tukunyar da ke gyara ta. Ga wari, ga gurnanin da kake gudu ya ƙaru, ga zancen bizit, wato binciken lafiyar mota na hukuma. In haɗin ya yi yoyo kusa da sansar gaba, iska ta shiga, kwamfuta ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara zubawa, sai P0171 ko P0174 da ƙarin shan mai.

Babban dalilin dai shi ne yara a kujerar baya. Katalizo ne ke ƙone yawancin iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mota mai miƙaƙƙen baya irin Prado tana jan iska ta nannaɗe a bayanta, hayaƙi ya dawo ya lafe a ƙofa. In robar ƙofar baya ta tsufa, ko an sauke gilashin gaba kaɗan, ciki yake zuƙo shi. Ciwon kai, jiri da barci mai nauyi a doguwar hanya alamunsa ne, ana ɗauka gajiya ce. Saboda haka wutsiyar salansa dole ta fito inda ta asali ta fito, ta ɗan wuce gefen jiki, ta kalli ƙasa ko gefe. Masu yanke ta kafin difa su bar hayaƙi yana zuba ƙarƙashin mota, wannan ganganci ne. A gwada robar ƙofa da takarda: a rufe a kanta a ja, in ta zare ba ja-in-ja, a canza robar.

In bayan an ɗaura ka ji gurnani a wani juyi guda, akwai magani ba sai an sake saye ba. A lura da juyin da ya fi tsanani, a ce 2200, bugu 110 ke nan a daƙiƙa. A walda reshen bututu mai toshasshen ƙarshe a gefen babban, tsawonsa rubu'in tsawon igiyar sautin. Sauti a iska mai ɗumi irin ta cikin reshen yana gudun wajen mita 400 a daƙiƙa. 400 a raba da 110, a sake rabawa da 4, ya ba da kusan santimita 90. Sautin ya shiga ya bugi toshiya ya dawo a kishiyance, ya kashe ɗan uwansa. Ana iya lanƙwasa reshen ya bi gefen shasi. A yi ƙarshensa mai zamewa da zoben matsewa, a riƙa ƙarawa ko ragewa santimita biyu-biyu har a dace, sannan a walde.

Direba_Njamena

Salamu alaikum, Malam, a gafarce ni na shigo da tawa. Wannan hukuncin ya hau kan na gazuwal? Nan wajenmu Land Cruiser mai 1HZ da Prado mai 1KZ ko 1KD sun fi yawa a hanyar daji.

Bakanike_Marwa

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ya ɗan bambanta. 1KZ-TE da 1KD-FTV masu turbo ne, lita 3, silinda huɗu. Turbo da kansa yana cinye ƙara da yawa, kuma yana son hanya a buɗe bayansa, don haka miƙaƙƙiyar tukunya da bututu mai ɗan faɗi ba sa damun su kamar na fetur, zafin hayaƙi ma yakan ɗan sauka in ana ja da kaya a yashi. Sai dai toka takan toshe hujin da audugar da wuri, a zaɓi mai manyan huji. 1HZ kuwa lita 4.2 ne, silinda shida, ba turbo, ƙarfinsa wajen doki 130. Inci biyu da rabi ya wadace shi, kuma ba tukunya mai kyau ƙararsa ba ta zaunuwa. Baƙin hayaƙi a waɗannan ba salansa ke gyara shi ba, a fara da filtar iska, musamman da hunturu, sannan nozil da famfo.

Mai_Walda_Kusuri

Alhaji, saura haɗin 60 da 63.5. Yawanci awon bakin tukunyar kasuwa na ciki ne, an yi shi ya haɗiye bututu mai 63.5 a waje. Naka 60 zai yi lilo a ciki da tazarar milimita uku da rabi. Kada a cusa waya ko guntun ƙarfe a cike da walda, kada kuma a matse da zobe har wuyan ya tattare. Duka biyun tsagewa suke a gargada. A yanko guntun bututu 63.5 mai tsawon santimita 6, kaurin 1.5. Cikinsa zai zama 60.5, ya zauna a kan naka cif. A walda shi a kan bututun tukuna, a goge, sannan a zura cikin wuyan tukunya. Haka za a yi ta ɓangaren fita. In garejin yana da abin buɗa baki, a buɗa bututun kai tsaye a hankali ana juyawa, amma sai in ƙarfen bai ci tsatsa ba. Tsoho yagewa yake a layin ɗinki. Ta gaba a walde, ta baya a kama da faffaɗan zoben matsewa, don ranar da za a sauke difa ko tanki a zare wutsiyar ba tare da an yanka ba.